Littafin Dija Na Shida

Ranar da aka kira ni a waya aka ce Yaya Sulaimanu ya rasu, ina tsaye gaban allo ina koya wa yara lissafin rabawa. Na ce, "To, Allah ya jiƙansa," na kashe wayar, na ƙarasa abin da na faro. Sai da yara suka kwafe cikin kaye, littattafan rubutunsu, sannan na je buro, ofishin direkta, na gaya masa. Shi ya dafe kai yana salati, ni kuwa ina kallon wani ƙuda da ke zagaya bakin kofin shayinsa.

Haka na yi zaman makoki a garinmu, wani ƙauye dab da Cadakori. Mata na shigowa da kuka, ni ina miƙa musu ruwa da tabarma. Har wata gwaggonmu ta ja ni bayan ɗaki ta ce in daina danne zuciyata, zan jawo wa kaina ciwo. Ban gaya mata ba, amma ni ba abin da nake dannewa. Cikina wayam yake kamar tukunyar da aka wanke aka kife. Ina cin abinci, ina barci, ina amsa gaisuwa daidai yadda ake amsawa.

Ni ce auta a ɗakinmu, shi ne ɗan fari, shekara goma sha ɗaya tsakaninmu. Sunana Saliha, amma ban da takardun lakol, wato makarantar boko, ba mai kirana da shi, kowa Auta yake cewa. Ina koyarwa a Gazawa, can nake aure. Yaya kuwa malamin gona ne a Gidan Rumji, kuma a gonar wani ya faɗi yana nuna yadda ake fesa wa wake magani. Shekararsa arba'in da takwas. Ya bar mahaifiyarmu, wadda kowa ke kira Gogo har mu da ta haifa, ya bar matarsa Binta. Allah bai ba su haihuwa ba.

Abin da kowa ya san Yaya da shi, bayan maganin ƙwari da tsohon motonsa, wani babur mai tari, shi ne littattafan Dija. Dija 'Yar Rumbu, guda tara ne, ƙanana sirara masu bangon takarda, an ɗinke kowanne da ƙarfe biyu a tsakiya. Wani ƙaramin gidan buga takardu a Maraɗi ya yi su lokacin Yaya yana lakol, ya kuma rufe tun ban iya tafiya ba. Labarin wata yarinya ne da aka zura cikin rumbu ta miƙo damin gero, sai ta iske ƙofa a ƙasan rumbun, ta faɗa wata ƙasa inda ake auna iska tiya-tiya a kasuwa, sarkinsu kuma bushiya yake hawa. Tana da jaki wanda da baya yake tafiya. Shirme dai irin na yara, amma fa mai daɗi, ni shaida ce, don da ka Yaya ya riƙa ba ni shi ina ƙarama.

Mushen su Yaya, wato malaminsu, yana da guda-guda a kabad, yakan karanta musu idan sun yi shiru. Na shida ne kaɗai bai taɓa zuwa lakol ɗinsu ba. An ce ruwan sama ne ya zubo ta rufin ɗakin ajiya ya jiƙe su tun ba a raba ba, kaɗan suka tsira. Na biyar ya ƙare Dija tana lilo cikin guga a tsakiyar rijiyar sarki, igiya tana tsinkewa zare-zare. Na bakwai ya faro tana bisa jakinta da takalmi ƙafa ɗaya, tana cin gujiya hankalinta kwance. Yadda aka yi ta fito, wannan yana cikin na shida.

Da Yaya ya fara aiki yana zagaya ƙauyuka, sai ya shiga tara su. Shekara goma sha bakwai ya yi yana wannan aiki. Na ɗaya a hannun mai tsire ya ƙwato shi a tashar Gidan Rumji, an riga an yage shafi biyu an naɗe wa wani nama, sai bayan shekara huɗu ya samu cikakke. Na takwas ƙarƙashin ƙafar teburin wani tela ya zaro shi. Akwai bugun farko mai koren bango, akwai na biyu mai bango ruwan ƙasa da takarda shara-shara. Shi na farkon yake so, wai kunnen jakin ya fi fita. Kowanne yana cikin ledarsa, an barbaɗa busasshen ganyen dogon yaro, an jera cikin akwatin ƙarfe, akwatin kuma yana bisa duwatsu saboda gara. Kafin ya taɓa su sai ya wanke hannu da sabulu ya goge a riga. Binta takan ce da ita ma takarda ce da ta huta. Takwas ya samu, duka masu koren bango. Tsakanin na biyar da na bakwai ya sa wani yankakken kwali, don ya riƙe wurin.

Shekara biyu kafin rasuwarsa ya ji labarin wani tsohon malami a Gangara, Mushe Shu'aibu, wai yana da na shida. Ya hau moto tun daga Gidan Rumji, ya wuce Maraɗi da Agye, ya kwana gidana, da safe ya ƙarasa. Ya iske tsohon ya ƙetara Katsina neman maganin ido. Ya bar masa wasiƙa ya komo. Da zai tafi ya ce mini, "Auta, ke kina kusa. In ya dawo ki leƙa ki amso mini."

Na ce to. Gangara daga Gazawa ba wata tafiya ba ce, kuma maigidana Ishaku direban motar kasuwa ne, duk mako sai ya je. Amma yau jarrabawa, gobe biki, jibi yaro ba lafiya. Duk kiran da Yaya zai yi, bayan gaisuwa sai ya ce, "Kin je?" Ni kuma in ce, "Haba Yaya, ka girma fa. Dija ta fito, ba ka gan ta bisa jaki tana cin gujiya ba?" Sai ya yi dariyar nan tasa ta hanci ya ce ba komai, duk randa na samu sarari. Bai taɓa yin fushi ba, shi ya sa ban taɓa samun sarari ba.

Ranar sadakar bakwai aka kwaso kayansa daga Gidan Rumji zuwa gidan Gogo, inda Binta ke takaba. Baffanninmu da liman suka zauna tsakar gida suna dubawa. Da aka buɗe akwatin ƙarfen suka ga hoton jaki da bushiya, wani ya yi murmushi ya ce Allah sarki, liman ya ce wannan ba abin rabo ba ne, a bar wa tsohuwa ta ajiye. Ina tsaye a wurin. Maganar ta zo mini har baki, in ce a ba ni, sai na ji kunya. Mako guda da binne mutum, a ce Auta har ta sa ido a kayansa? Na taya aka kai akwatin ɗakin Gogo, washegari na koma Gazawa.

Kwanaki suka riƙa wucewa. In tashi, in dafa, in je lakol, in dawo. Ishaku yakan tsaya yana kallona in ina wanke-wanke, kamar mai jiran tulu ya fashe. Ban fashe ba. Abu guda dai ya tsaya mini a rai, kwalin nan da ke tsakanin na biyar da na bakwai. Na ce kafin sadakar arba'in zan cire shi in sa littafin a wurinsa, in ga tara sun jeru, in rufe akwati. Ban ce zai amfane shi da komai ba, na san ba zai amfane shi ba. Na dai ga abu ne da ake iya yi da hannu. Ban gaya wa kowa ba, don ban san yadda madam guda mai 'ya'ya uku za ta ce tana neman littafin yara alhali wanta bai cika kwana arba'in da rasuwa ba.

Saura kwana huɗu, ranar kasuwar Gangara, na ce wa Ishaku zan bi shi. Ya ce me zan saya. Na ce saƙon Yaya ne. Bai ƙara tambaya ba, ya share mini kujerar gaba.

Gidan Mushe Shu'aibu ba wuyar samu, yaron farko da na tambaya ya nuna mini da baki. Na iske shi a zaure bisa buzu, dogon tsoho, idanunsa sun yi fari, rediyo a kunne. Na durƙusa na gaishe shi, na ce daga Gazawa nake, ƙanwar Sulaimanu ce, malamin gona na Gidan Rumji.

Ya kashe rediyon. "Mai wasiƙa? Ke ce ƙanwar da ya ce za ta zo?"

"Ni ce, Mushe."

"Kai, ɗiyata, kin yi sauri," in ji shi, ya yi dariya har da tari. "An karanta mini takarda tai tun da na komo. Na ce a aje mishi, kar a ba kowa. Jikokina sun yi naci har sun gaji." Ya ɗaga murya ya kira matarsa. "Halima! Ɗauko littahin nan na cikin kan keken ɗinki, mai shi ya aiko."

Inna Halima ta fito da shi naɗe cikin tsohon kallabi. Na buɗe. Koren bango ne, bugun farko. Ƙarfen ɗinkin ya yi tsatsa ya bar jan tabo a tsakiya, akwai hatimin wata lakol da ya kusa gogewa, yana warin hayaƙi da man keken ɗinki. A bangon ga bakin rijiya, ga jakin ya juyo mata baya.

"Ki ce mishi ban son komi," in ji tsohon. "Shi dai zo mu yi hira. Mutumin da ya hawo moto tun daga Gobir don Dija, ina son in ji murya tai."

Na ce, "Mushe, ai ya rasu. Yau kwana talatin da shida."

Ya yi salati a hankali. Sai na ga hawaye na bin fuskarsa daga fararen idanun nan, yana gogewa da hannun riga. Mutumin da bai taɓa ganin Yaya ba, bai taɓa jin muryarsa ba. Ni ina durƙushe ina kallonsa, abin da ke raina kawai shi ne ƙafata ta yi sanyi, ina so in miƙe. Na ba shi haƙuri kamar shi aka yi wa rasuwar, na yi godiya, na fito.

A hanyar komawa na karanta shi, tsakanin buhunan gero da kukan awaki. Bai kai mini minti ashirin ba. Ashe ɗaya bakin igiyar a wuyan jakin aka ɗaure. Dija ta riƙa kiransa daga cikin rijiya, zo, zo, shi kuma duk yunƙurin da ya yi ya zo wurinta sai ya ƙara yin baya, da haka ya jawo ta har sama. Takalmin ya faɗa ne tana kama bakin rijiya. Shi ke nan abin da Yaya ya yi shekara kusan arba'in yana son sani. Na zaro waya daga jaka in kira Yaya, na tuna, na mayar. Ishaku ya ce lafiya, na ce lafiya lau.

Ranar arba'in na fito tun da asuba, littafin yana cikin leda a jakata. Taya ta fashe bayan Agye, muka yi awa biyu a bakin hanya direba na rantsuwa yanzu-yanzu. A Maraɗi kuma motar Cadakori ta ƙi cika. Sai bayan azahar na sauka garinmu, an daɗe da yin addu'a an watse.

Tun daga bakin lungunmu na hangi wani abu kore a hannun wata yarinya da ke zaune bisa turmi tana fifita da shi. Na ce a raina ai koren abu da yawa yake a duniya. Na ƙara taku kaɗan, sai ga wasu yara uku sun haɗa kai a gindin katanga, suna ja-in-ja da wani, hannuwansu sharkaf da man masa. Na ga bushiya da sirdi. Na huɗu ne, bangon ya riga ya rabu da jikin.

Na shiga gida, na gaida mata, na wuce ɗakin Gogo. Akwatin yana nan a buɗe. Ledoji takwas an ninke su tsaf an ajiye gefe, don Gogo ba ta yar da leda. A ƙasa sai ganyen dogon yaro da yankakken kwalin.

Binta ce ta same ni a tsaye. Ta rame cikin kayan takaba, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce da safe bayan an raba masa da gumba, Gogo ta sa aka fito da akwatin, ta zauna a ƙofar gida, duk yaron da ya zo gabanta ta miƙa masa guda ta ce sadaka ce. Ta ce ko minti goma ba a yi ba.

"Ba ki hana ta ba?"

"In ce mata mi, Auta? Ɗanta na."

Ko ruwa ban sha ba na fita. Ba fushi nake ba, ko kusa. Kaina ne kawai ke ƙirga gidaje: takwas ne, garin ƙarami ne, kafin la'asar zan iya bi in tattaro, wanda ya yage in liƙe. Na san sarai ba a amso sadaka, ba a sayenta, ba a musayarta. Tun ina goye na san wannan, ni kaina na sha gaya wa yara a lakol. Na sani, na kuma shiga gidan maƙwabcinmu Sanda, don yarinyar da ke bisa turmi 'yarsa ce.

Na uku ne a hannunta, lafiyarsa lau in ban da ɗan yatsan mai a kan jakin. Na zaro sabon kaye da bik biyu na rubutu daga jaka na nuna mata. Uwarta ta yi dariya ta ce, "Ɗauki abinki, madam, ita mi ta sani? Da dare ya yi wuta za mu hasa da shi." Yarinyar ta karɓi kaye da murna, ni na karɓi littafi. Da na fito, sai ga Gogo tsaye a ƙofar gidanmu, ta dafa katanga.

Gogo ƙaramar mace ce, ba ta ɗaga murya, kuma ban taɓa ganin hawayenta ba, har ranar da aka fita da Yaya. Mutanenmu asalin Fulani ne da suka zauna suka kama noma, shanun sun tafi amma kunyar ɗan fari tana nan. Ba ta kiran sunansa, sai dai ta ce yayanku. In ya zo gida ya gaishe ta, takan amsa tana kallon wani wuri.

"Mi kinka riƙo nan?" in ji ta.

Na ce, "Gogo, littafin Yaya ne."

"Na ba ɗiyar Sanda shi da sahe."

"Na musanya mata da kaye. Gogo, ba ki san abin nan ba ne. Shekara goma sha bakwai ya yi yana tara su, guda-guda. Babu su ko'ina yanzu, ko a Yamai. Tare suke tafiya, in an raba su ba su da amfani. Yaran nan yaga su za su yi, ga shi can har sun fara."

Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce in shigo zaure, kar mu tara mutane. Ta zauna bisa dakali, ta gyara zanenta.

"Ni ban yi lakol ba, Auta, allo ma ban yi nisa ba. Addu'ata gajera ta. Tun randa anka kawo kayan yayanku nike dubawa, mi zan aika mishi. Riguna, rediyo, moto, duka na duba. Ban ga abin da shika wanke hannu kahin shi taɓa ba sai takardun ga. Liman ya ce sadakar da ta hi, ita ta ta abin da anka hi so, kuma in karatu na, lada ba ta yankewa." Ta dubi littafin da ke hannuna. "Da rai nai ban taɓa ba shi ko goro da hannuna ba. Wanga ɗai na samu, na aika. Ke kuma ki bi gida-gida ki amso?"

Ina da amsoshi, ni da nake tsayawa gaban yara sittin kullum. Zan iya ce mata ba karatun da take nufi ba ne, labarin jaki ne da bushiya. Na kalle ta, ta ƙura wa littafin ido, sai na ga in na faɗa ban san abin da zan bar mata ba.

"Maida shi," in ji ta. "Da hannunki."

Na koma gidan Sanda. Yarinyar ta ɓoye kayen bayanta da ta gan ni, na ce ta riƙe duka. Uwarta ta bi ni da kallo har ƙofa. Yaran gindin katanga sun tashi, sun bar shafi guda a ƙasa, akuya tana shinshina shi. Na tsallake na wuce.

Gogo tana nan inda na bar ta. Na zo zan shige ciki, ta ce, "Wancan na cikin jikka hwa? Na ga kore sanda kinka hiddo kaye."

Na zauna a ƙasa gabanta, na fito da shi na cire ledar. Ta goge hannunta a zane kafin ta karɓa. Ta riƙe shi a juye, ta gyara da ta ga jakin ƙafafunsa na sama. Ta daɗe tana kallon rijiyar.

"Wanga ma nashi na?"

"Shi ne wanda bai samu ba. Shi kaɗai ya rage masa."

"Ina kinka same shi?"

"Gangara. Wani tsoho ya ajiye masa."

"Shi ya san shina can?"

"Ya sani. Ni ya aika in amso."

"Yaushe?"

Na ce, "Bara waccan."

Da ta zage ni da na fi so, amma Gogo ba ta zagi. Ta shafa bangon da tafin hannunta sau biyu, ta miƙo mini.

"To saƙo nai na. A ba da shi, shi iske 'yan uwa nai."

Ina riƙe da shi sai aka yi sallama da ƙaramar murya. Wata yarinya ce, ba za ta wuce shekara bakwai ba, ƙafafunta fari fat da ƙasa, ta fito daga rugar da ke bayan gari. Ta ji an yi sadaka a gidan nan, ta zo da ɗan kwanonta. Gogo ta ce mata masa ta ƙare tun da hantsi, amma ta matso, rabonta na nan. Ta dube ni.

Na ce, "Gogo, ko kwana ɗaya ki bar mini shi."

"Yau ta arba'in."

Na tambayi yarinyar ko tana zuwa lakol. Ta ce a'a, sai baɗi. Na miƙa mata littafin na ce sadaka ce. Ta ajiye kwanon, ta kama gefe guda ta ja. Bai fita ba. Ta ƙara ja tana kallon fuskata, sai na ga ashe yatsuna ne suka ƙi buɗewa. A nan baƙin cikin ya same ni, karo na farko cikin kwana arba'in. Yaya ya mutu. Abu ɗaya tak ya taɓa roƙona a duniya, ga shi a hannuna, kuma ba wanda zan kai wa.

"Saki, Auta," in ji Gogo.

Na saki. Yarinyar ta ninke littafin biyu, ta cusa a ƙugun zanenta, ta ɗauki kwanonta. Ta ce, "Allah shi jiƙan mai shi," yadda aka koya mata, ta fita da gudu. Gogo ta ce amin. Ni bakina bai buɗu ba.